Ɗan Birtaniya a teburin bikin godiya na Amurka

Wanda ya tashi a Birtaniya ya koma Amurka da zama, watan Nuwamba ne ke fara nuna masa cewa jin Turanci ɗaya bai sa al'ada ta zama ɗaya ba. Ranar 5 ga wata zai kasa kunne yana jiran ƙarar wasan wuta, don a gida daren nan ake ƙona mutum-mutumin Guy Fawkes, wanda ya so tarwatsa majalisar dokoki da albarushi a 1605. A Amurka shiru kake ji. Sai Alhamis ta huɗu ta watan ta zo, ofisoshi su rufe, filayen jirgin sama su cika maƙil, kowa ya nufi gidan iyayensa cin talo-talo. Shi ne Thanksgiving, bikin godiya.

Ni da na zo nan bayan doguwar zama a Manchester, tun farko labarin asalin bikin ya ba ni dariya. Mutanen da ake tunawa da su Turawan Ingila ne. Su 102 suka bar tashar Plymouth ta Ingila a jirgin ruwan Mayflower zuwa Amurka a 1620, wasunsu suna gudun cocin gwamnati, kuma kusan rabinsu sanyi da cuta suka kashe a hunturun farko. Mutanen Wampanoag, 'yan asalin yankin, su ne suka koya wa sauran noman masara. Tafintansu Tisquantum ya iya Turanci ne saboda wani matuƙin jirgi Bature ya taɓa sace shi, har ya yi zama a Landan. A 1621 aka yi kwana uku ana cin abinci tare. Ka ga ɗan Birtaniya yana zaune ana murnar waɗanda suka tsere wa ƙasarsa, kuma sai an tsokane shi da wannan kafin a tashi, ba fashi. Jikokin Wampanoag kuwa da sauran 'yan asalin ƙasar, tun 1970 suke taruwa a Plymouth ta Massachusetts a wannan rana suna zaman makoki, ganin abin da ya biyo bayan cin abincin nan. Ba kasafai ake ambatonsu a tebur ba.

Abincin kansa sai an daure. A Birtaniya talo-talo na Kirsimeti ne, don haka ganinsa wata guda kafin lokaci kan ruɗa mutum. Sannan ga dankali an dafa an lulluɓe shi da farar alewa mai laushi, wai a ci da nama. Har yau ban yarda da wannan ba, kuma ba na jin zan yarda. Kek ɗin kabewa dai na sallama masa. Musulmin da ke nan ma suna yi, su sayi talo-talon halal, su tara 'yan uwa.

Abin da ya fi wahalar da ɗan Birtaniya shi ne kafin a sa hannu a abinci, a gidaje da yawa sai an zagaya kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Ba'amurke zai buɗe baki ya gode wa matarsa a gaban surukai, hawaye na zuba. Shi kuwa bawan Allah da aka yi wa tarbiyya a kan ɓoye abin da ke ciki, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya gode da ba a yi ruwan sama ba.

Duk da haka, a ganina babu bikin Turawa da ya kai wannan tsabta. Ba a raba kyauta, ba a cin bashi don sayen kayan wasan yara, ba a tambayar addininka. Ɗalibi baƙo ko abokin aikin da ba shi da kowa a gari, sai an samu wanda ya ja shi gida. Shugaban Amurka Abraham Lincoln ne ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, kuma ina ganin wannan ya fi labarin Mayflower bayyana amfaninta.

To me Birtaniya ta kwaso daga ciki? Washegarin kawai, wato Black Friday, ranar ragin farashi a kantuna. An bar jaki ana dukan taiki. A Amurka akwai dalili, don mutane da yawa suna hutu ranar, sun ƙoshi, sun fita sayayyar Kirsimeti. A Birtaniya ranar aiki ce kamar kowace Juma'a, kuma suna da nasu rangwamen na 26 ga Disamba tun da daɗewa. Amma a 2014 sai da aka kira 'yan sanda manyan kantuna a Manchester da tsakar dare, mutane suna kokawa a kan talabijin. Yanzu tallan ya iso har wayoyin mutanenmu a Kano da Kaduna, ana ta shelar ragin farashi tun farkon Nuwamba, ba tare da ko cinyar talo-talo ɗaya ta biyo shi ba.