Ba korona ce ta kashe gasar besbol ta MAC ba

Don Allah a daina ɗora wa korona laifin da ba nata ba. Wai har yau akwai masu cewa annoba ce ta soke gasar ƙarshen kaka ta besbol a MAC, wani rukunin wasannin jami'o'in Amurka. Wace annoba ce ta san abin da zai faru shekara huɗu gaba? Sai ka ce boka.

Ranar 12 ga Maris 2020 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta soke duk gasanninta da suka rage na wannan zangon, har da babbar gasar besbol ta ƙasa da ake kammalawa a birnin Omaha. Wannan babu mai ja, rai ya fi wasa. Amma abin da MAC ta yi a watan Mayu daban ne: ta ce babu gasar ƙarshe a wasanni takwas, ciki har da besbol, har tsawon shekara huɗu. Wannan lissafin aljihu ne. Rabon da NCAA take ba jami'o'i ya faɗo daga dala miliyan 600 zuwa 225 saboda an rasa kuɗin ƙwallon kwando, sai aka nemo wasan da ba shi da uwa a gindin murhu aka danne shi.

Kuɗi ne, ba cuta ba. MAC ɗin nan ce fa ta koma buga ƙwallon Amurka a Nuwamba 2020, ƙarti 22 suna ruguntsumi jiki da jiki. Su cutar ta ji tsoronsu ke nan, sai ɗan besbol da yake tsaye shi kaɗai can ƙarshen fili ne zai kwasa? SEC, rukunin jami'o'in Kudu, ya yi tasa gasar besbol a garin Hoover a 2021, lafiya lau.

Masu cewa "ai wanda ya fi maki a kaka shi ya cancanci zuwa gasar ƙasa", na ji, ku zauna. Ƙungiyoyi 64 ake ɗauka a gasar ƙasa. SEC tana tura da yawa ko da ba su ci kofi ba, MAC kuwa yawanci kujera ɗaya gare ta. Kuma waɗannan yawancinsu yaran Ohio da Michigan ne. Watan Fabrairu dusar ƙanƙara ta rufe filayensu, a Kudu suke yawon buga wasa a gidan wasu, hannun masu jifan ƙwallo bai gama warwarewa ba sai wajen Mayu. Gasar ƙarshe ta MAC da ake yi a garin Avon, wadda sai an doke ka sau biyu kake fita, ita ce take gwada wa yake da mai jifa na uku da na huɗu, ba gwani ɗaya da yake buɗe wasannin ƙarshen mako ranar Juma'a ba. A 2021 da babu gasar, Central Michigan da ta zo ta ɗaya a kaka ta wuce gasar ƙasa, Ball State ta zo ta biyu ta zauna a gida ba tare da an ba ta ko wasa ɗaya ta gwada sa'arta ba. Wallahi abin da ciwo, musamman ga ɗan ajin ƙarshe. Daga wannan rukunin Kent State ta fito ta kai Omaha a 2012.

Da cuta ce, me ya sa aka dawo da gasar a 2022, shekara huɗun ba ta cika ba?

Af, jami'ar Bowling Green ta rukunin MAC ma ta rufe ƙungiyarta ta besbol gaba ɗaya a Mayun 2020, tsofaffin ɗalibai suka haɗa alƙawarin dala miliyan 1.5, cikin makonni aka buɗe.