Owerri da jinkirin cire Adekunle

Duk ranar da aka tayar da zancen yaƙin basasar Najeriya, sai mutane su rabu gida biyu: masu cewa Obasanjo dafaffe ya tarar ya ci, da masu cewa shi ya gama yaƙin. Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Me ya sa sai da aka kai watan Mayun 1969 kafin a sauya Adekunle, kwamandan Runduna ta Uku ta sojojin tarayya, a kawo Obasanjo?

Ban raina Kanar Benjamin Adekunle ba. Shi ya kama Bonny a Yulin 1967, ya kama Kalaba a Oktoba, ya shiga Fatakwal a Mayun 1968, da haka aka raba Biyafara da teku. Sunan Baƙar Kunama ba a banza ya same shi ba.

Amma nasara tana sa maye. A Satumban 1968 ya ɗauko garuruwa uku a lokaci guda, Owerri da Aba da Umuahia, farmakin da aka laƙaba wa suna OAU. Aba ta faɗi, Owerri ta faɗi, Umuahia ta gagara. Runduna ta miƙe kamar igiyar da aka ja fiye da ƙarfinta, hanyar kai abinci da harsashi ta yi tsawo, ga daji ko'ina. Sojojin Biyafara suka zagayo ta baya suna datse hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, har suka yi wa Birged ta 16 ta rundunar, ƙarƙashin Laftanar Kanar Etuk, ƙawanya a cikin Owerri.

Nan ne zuciyata take tsayawa. Soja yana cikin rami, cikinsa ba komai, ya ji ƙugin jirgi ya ɗaga kai. An sako buhunan abinci da akwatunan harsashi da lema, yana kallo iska ta kwashi wani kason ta kai wa abokan gaba. Ga masu rauni a kwance, babu hanyar fitar da su. Haka suka yi ta kwana suna tashi har ƙarshen Afrilun 1969, suka ratsa daji suka fice, garin ya koma hannun Biyafara. A cikin makon nan ne kuma Runduna ta Ɗaya ta Kanar Muhammad Shuwa ta kama Umuahia, hedikwatar Biyafara a lokacin, garin da Adekunle ya so ya riga kowa shiga.

Sai bayan wannan shugaban ƙasa Janar Gowon ya motsa. Kuma bai cire Adekunle shi kaɗai ba, kwamandojin rundunonin uku ya sauya gaba ɗaya: Bisalla ya gaji Shuwa, Jalo ya gaji Haruna a Runduna ta Biyu, Obasanjo ya gaji Adekunle. Na fahimci hikimar, ƙasar da ƙabilanci ya jefa cikin yaƙi ba a so a ce an ware mutum ɗaya. To amma Shuwa fa, wanda bai cika wata guda da kama hedikwatar Ojukwu, jagoran Biyafara, ba? A ganina tun da farmakin Umuahia ya ci tura a Oktoban 1968 ya kamata a taka wa Adekunle birki. Sunansa ya riga ya yi girma a jaridu, aka ji nauyin taɓa shi, ƙananan sojoji suka biya kuɗin wannan jin nauyin da rayukansu.

Obasanjo injiniyan soja ne, bai zo da suna ba. Gajiyayyar runduna ya tarar, ya ɗauki watanni yana tattara ta, sai a Disamba ya yi yunƙurin ƙarshe. Owerri ta sake faɗuwa ranar 9 ga Janairun 1970, Ojukwu ya hau jirgi a Uli zuwa Kwaddebuwa, ranar 15 ga wata mataimakinsa Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Legas. Wata takwas ke nan daga sauyin.