Ku Je Ku Tambayi Waɗanda Suka Gani Da Idonsu Tun Suna Raye

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Yau dai sai kun yi haƙuri da ni, don maganar nan ta daɗe tana cina. Duk sanda wani abu ya faru, ko nan gida ko can Gabas ta Tsakiya ko Yukren, leƙa Facebook ko TikTok ka ga ikon Allah, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana kwance kan katifa ya jona caji, datar ma rance ya ci, amma yana rubuta wai a yi yaƙin kawai kowa ya huta, a raba ƙasar, a jefa musu nukiliya a wuce wajen. Ni dai a cikin waɗanda na sani da suka gudo daga Baga ko Gwoza ko ƙauyukan Zamfara ban taɓa jin irin wannan maganar daga bakinsu ba. Wanda ya kwana a daji da goyo ba ya wasa da ita.

Toh bari in tambaye ku, ku 'yan Kaduna da kullum kuke wucewa ta barikin Kalapanzin da barikin Dalet, da ku 'yan Zariya masu barikin Chindit, kun taɓa tambayar daga ina sunayen nan suka fito? Kalapanzin kogi ne, Dalet kuma wani wuri ne, duka a yankin Arakan na ƙasar Boma, wadda yau ake ce wa Myanmar. Chindit sunan rundunar da Janar Wingate na sojan Ingila ya kafa ne, masu shiga bayan layin Japanawa, kuma a 1944 akwai bataliyoyin Najeriya a cikinsu. A Legas akwai barikin Arakan da na Myohaung, a Akara akwai Burma Camp, a Abuja akwai barikin Mogadishu, saboda sojan Najeriya na cikin waɗanda suka ƙwace wannan birni na Somaliya daga hannun Italiya a Fabrairun 1941. Wato tarihin yaƙin duniya na biyu yana nan rubuce a bakin titinmu, mu kuma muna wucewa a Keke Napep muna kallon waya.

Kakanninmu ne fa suka je. Turawan Ingila sun kwashi runduna biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga nan aka shiga da su dajin Boma. Da yawansu manoma ne daga Arewa, wasu da son ransu suka shiga, wasu kuwa hakimi aka ce ya kawo mutum kaza, ya kawo. Hausa ce ma harshen bariki a lokacin, har hafsoshin Turawa sai da suka koya. A kwarin Kaladan inda babu hanyar mota, a ka suke ɗaukar harsashi da abinci suna hawa duwatsu cikin ruwan sama, jirgi ne ke jefo musu kaya ta sama. Rundunar 82 tare da ta 81 suka kama garin Myohaung a Janairun 1945.

Akwai wani tsoho a unguwarmu muna yara, Allah ya jiƙansa, ɗan mazan jiya ne, lambobinsa na yaƙi a cikin gwangwanin madara yake ajiye su ya toshe bakin da tsumma. Yara na binsa suna ƙamewa suna sara masa don tsokana. In ya ga dama ya yi hira, ba ya kawo maganar jarumta ko kaɗan, abin da yake faɗa shi ne matsattsaku da ke shiga cikin takalmi su sha jini mutum bai sani ba sai ya cire, da zazzaɓi da atini da suka kwantar da mutane, da yadda ƙafa ke ruɓewa don ba ta bushewa. Wani lokaci yana cikin magana sai ya yi shiru ya tashi ya ɗauki butarsa, shikenan hira ta ƙare. Babu wanda ya ɗauki muryarsa, lambobin ma bayan rasuwarsa yara suka yi wasa da su suka ɓata.

Wanda aka dace da shi kuwa shi ne Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga wajen Owo, don shi ya rubuta nasa. A Maris ɗin 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa, shi da wani ɗan Saliyo mai suna David Kargbo. Wani talaka Musulmi ɗan ƙauyen mai suna Shuyiman ya ɓoye su yana ciyar da su wata da watanni, alhali in Japanawa suka gano kashe shi za su yi da iyalinsa. Ka ga Kirista daga Najeriya, Musulmi daga Arakan, ba yare ɗaya ba, ba dangin iya ba na baba. Kuma wannan Arakan ɗin ita ce Rakhine ta yau, inda a 2017 aka kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangladesh. Mun yi ta yaɗa hotunansu a lokacin, amma mu nawa ne muka san kakanninmu sun taka ƙasar, har mutanen wurin sun yi wa namu halacci?

'Yan uwanmu na ƙasashen rainon Faransa irin su Nijar su ma ga nasu. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi har suka sha zaman fursuna a hannun Jamus sun nemi haƙƙinsu na albashi, sai aka buɗe musu wuta. Takardar hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. Waɗanda suka tsira da iyalansu da masana tarihi suka ƙi yarda, suka yi ta magana, sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Da kowa ya yi shiru da 35 ɗin nan ce za ta zauna.

Masu kiran nukiliya kuma, an jefa ta a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, kafin ƙarshen shekarar kusan mutum 140,000 sun mutu. Waɗanda suka rayu suna ba da labarin mutane na tafiya fatar hannunsu na reto, suna roƙon ruwa. Tsofaffin nan sun ƙare rayuwarsu suna yawo makaranta makaranta suna faɗa, har ƙungiyarsu Nihon Hidankyo ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro Ruwanda ne, don ya fi kama da halinmu. A 1994, cikin kwana ɗari, an kashe kimanin mutum 800,000, mafi yawa 'yan Tutsi, kuma da adda aka yi yawancin aikin, maƙwabci da maƙwabci, har cikin coci irin na Nyamata da Ntarama inda mutane suka fake. Kafin adda ta fito sai da gidan rediyon RTLM ya ɗauki watanni yana kiransu kyankyasai cikin raha da kiɗa, matasa na saurare suna dariya. Yanzu kowannenmu da gidan rediyonsa a aljihu. Dan Allah kafin ka kira wata ƙabila da sunan dabba ka tura guruf, ka nemi hirar mutum ɗaya da ya tsira daga can ka saurara har ƙarshe.

Waɗanda suka je yaƙin Boma kam sun kusa ƙarewa, wanda ya rage ya doshi ɗari. Amma waɗanda suka ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa Janairun 1970 suna nan, da yawansu sun haura saba'in da biyar, wasu na zaune a ƙofar gida suna jiran fansho. Waɗanda suka ga farin 1973 da ya kashe shanu ya koro mutane daga Arewacin Nijar suna nan, da waɗanda suka ji sanarwar juyin mulkin Kountché a 1974, da waɗanda suka ga jana'izar Murtala a Kano a 1976. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kuma kar ku tsaya kan maza kawai wallahi, Hajiya kaka ta san nawa ake sayar da tiyar gero a shekarar yunwa, ta san me aka ci da hatsi ya ƙare, ta san gidan da aka ɓoye maƙwabta Inyamurai a rikicin 1966, abin da ba lallai ka same shi a littafin makaranta ba.

In za ka je, kar ka je a tsaye kamar ɗan jarida. Sayi goro ko ɗan abin da yake so, ka durƙusa ka gaida shi, ka ce Baba labari na zo ji, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, in ya ce kar a sa a intanet to kar ka sa, ba abin neman mabiya ba ne. Kar ka tambaye shi shekara da lamba, ba haka suke lissafi ba, tambaye shi kafin zuwan Sarauniya ne ko bayan, kafin a kashe Sardauna ne ko bayan, an yi canjin hannu ko ba a yi ba, da fam da sule ake ciniki ko da naira. Kai ne za ka koma ka daidaita, zuwan Sarauniya 1956, Sardauna 15 ga Janairu 1966, canjin hannu 1972, naira 1973. Kuma ka sani shi gefensa kawai ya gani, tsufa ma na sa a haɗa shekara biyu wuri guda, don haka in ya faɗi abin da ya saɓa da littafi kar ka ƙaryata shi a gabansa, rubuta yadda ya faɗa ka je ka ji ta bakin wani tsohon. In ya yi shiru a tsakiyar labari ka ƙyale shi, ka dawo wata rana. Abin da ka ɗauka kuma ka tura wa 'yan uwa biyu ko uku su ajiye, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta a hanya.