An rataya mini bashin wani a Ingila, an ce ni zan wanke kaina

Wata huɗu ke nan ina yawo da bashin wani a wuyana. Fam 1,140. Ban ci ba, ban sha ba, ban taɓa ganin mai bashin ba, ban san kamfanin da ya ba shi ba. Amma duk inda na miƙa sunana a ƙasar nan, abin da ke fara fitowa shi ne kotu ta same ni da cin bashi kuma na ƙi biya.

Da neman gida abin ya faro. Matata na da juna biyu, ɗakin da muke ciki ya yi mana kaɗan, muka samu wani gida mai ɗaki biyu kusa da asibitin da nake aiki. Mun gani, mun so, na miƙa takardun albashina na wata uku. Bayan kwana biyar sai ejan ya bugo waya ya ce binciken da aka yi a kaina ya nuna akwai CCJ, mai gidan ba zai ba ni ba. Na ce mene ne CCJ? Wallahi ranar na fara jin kalmar.

Ga wanda bai sani ba, hukunci ne da kotun gunduma ke yankewa a Ingila da Wales a kan wanda ake bi bashi. Kamfani zai kai ƙara, a aika wa mutum takarda ta gidan waya zuwa adireshin da aka san shi da shi na ƙarshe, a ba shi kwana 14. In bai amsa ba, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa, ba zama, ba jin ta bakinsa. Daga nan sunansa ya shiga rajistar hukunce-hukunce da Registry Trust ke riƙewa, kamfanonin da ke tara tarihin bashin jama'a su ɗauka su liƙa a rahotonsa. Shekara shida yana nan. Banki zai gani, mai gidan haya zai gani, kamfanin waya zai gani.

A daren na nemi rahotona. Doka ta ba kowa damar ganin nasa kyauta, ni ne dai ban taɓa dubawa ba don ban ga dalili ba, tunda ko katin bashi ban riƙe. Sai ga shi ɓaro-ɓaro: hukunci, lambar ƙara, adadin kuɗi, kwanan wata. Maris 2021. Jama'a, ni a watan Satumban 2022 na taka ƙasar nan! A Maris 2021 ina Zariya ina aikin dare a asibiti, ko fasfo ban sabunta ba balle biza. Ta yaya kotun Ingila za ta kama ni da bashi alhali ƙafata ba ta taɓa ƙetare Najeriya ba?

Da na natsu na duba sai na gane bakin zaren. Adireshin da ke kan hukuncin shi ne gidan haɗaka da na fara sauka, gida mai ɗaki shida da baƙi ke shiga suna fita kamar tashar mota. Wani ya zauna a can kafin ni. Sunansa na farko Mohammed, nawa Muhammad, sunan mahaifi ya zo ɗaya. Shi ke nan hujjar. Na'ura ta ga suna ya yi kama, gida ɗaya, ta ɗaure mu da igiya guda. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ni da kaina na rubuta sunana a rajistar masu zaɓe da wannan adireshin, saboda 'yan Najeriya masu izinin zama suna da damar yin haka, kuma 'yan'uwa sun ce yana taimaka wa mutum ya gina suna a wajen bankuna. Na bi ƙa'ida, ƙa'idar ta kai ni ta baro.

A nan nake so a tsaya a duba. Musulmi nawa ne a Ingila masu suna Muhammad? Bahaushe, Basomale, ɗan Pakistan, ɗan Sudan, ɗan Bangladesh, kowane gida akwai shi, kuma ana rubuta shi ta hanya biyar ko shida. Abubakar, Usman, Ibrahim, Ali, duk haka suke. Ga mu kuma mu ne muka fi zama a gidajen haɗaka a shekarunmu na farko. Tsarin da zai dogara da suna da adireshi kaɗai ya ɗora wa mutum hukuncin kotu, mu zai fi cuta, kuma masu gudanar da shi sun isa su san haka. A gida, duk da ƙorafin da muke yi da bankuna, tun 2014 aka kawo BVN da ke ɗaure asusu da zanen yatsan mai shi. A nan shigarwar da aka liƙa mini ko ranar haihuwa babu a jikinta.

Sai aka shiga yi mini wasan ƙwallo. Na rubuta wa kamfanin da ya liƙa mini abin, suka ce su abin da ke rajista suke nunawa, in tuntuɓi kotu. Na kira kotu, na yi minti arba'in a layi a lokacin hutun cin abincina, aka ba ni sunan wanda ya shigar da ƙarar, domin rahoton ma bai nuna wanda ke bin bashin ba. Wani kamfani ne da ke sayen tsofaffin basussuka. Na kira su. Yarinyar da ta ɗauka ta tambayi ranar haihuwata, na faɗa, ta ce bai dace da abin da ke gabanta ba, don haka dokar kare bayanai ta hana ta tattauna batun da ni. Na ce baiwar Allah, ai abin da nake gaya miki ke nan, ba ni ba ne! Rubuta mini haka a takarda in kai. Ta ce ba za ta iya ba, tunda ba ni ne mai asusun ba.

Ku ji fa. A wajen hana ni gida, ni ne shi. A wajen ba ni takardar da za ta wanke ni, ba ni ba ne.

Bayan Juma'a na kai kukana ga wani dattijo da ya shekara ashirin a nan. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ɗana, bashi hanji ne, yana cikin kowa. In kana da halin biya ka biya ka huta, Allah zai mayar maka." Na ce, "Baba, a gafarce ni, ko na biya ba zai goge ba." Gaskiyar ke nan, kuma mutanenmu da yawa ba su sani ba. Wanda ya biya duka cikin wata ɗaya da yanke hukunci ne ake cire wa suna daga rajista. Bayan wata ɗaya sai dai a rubuta an biya, amma yana nan daram har shekara shida su cika. Ke nan in kwashi fam 1,140 daga kuɗin haihuwar matata in biya wa wani, tabon ya ci gaba da zama har Maris 2027, kuma na amsa da hannuna cewa ni na ci. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Ni ban ci ba.

Wani abokin aiki kuma ya ce in cike fom N244 in roƙi alƙali ya soke hukuncin. Kuɗin shigar da shi ya haura fam 300. Har na fara tara kuɗin, Allah ya sa na je Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, wata mata ta zaunar da ni ta duba takarduna. Ita ta fahimtar da ni cewa wannan hanyar ta wanda aka yi ƙararsa ce bai samu takardar ba, ko yake da hujjar kare kansa. Ni ba ni aka yi ƙara ba tun asali. Hukuncin na wani ne, abin da zan nema shi ne a raba shi da rahotona. Da ban je ba da na zubar da fam 300 a banza. Cikin duk waɗanda na yi ta kira babu wanda ya ga ya dace ya gaya mini wannan a jimla ɗaya.

Da taimakonta na sake rubuta wa kamfanin da ke riƙe da rahotona, wannan karon da hujjoji: hoton fasfo mai tambarin ranar shigowata, takardar biza, yarjejeniyar hayar da ke nuna ranar da na shiga gidan, wasiƙar ɗaukata aiki. Na ambaci sashe na 159 na dokar bashin masu saye ta 1974, wanda ya ba kamfani kwana 28 ya faɗi ko ya cire, ko ya gyara, ko ya ƙi. Sun sa alamar cewa ana jayayya a kan shigarwar. A rana ta 27 amsa ta iso: suna ci gaba da bincike, kuma in sake turo hoton fasfon domin na farko bai fito da kyau ba. Fasfon da na ɗauka da na'urar ofis, kowane harafi ana karantawa!

Sun kuma ce ina iya ƙara bayanin gyara a rahoton, wanda bai wuce kalma 200 ba. Na rubuta. Amma bayanin ba ya cire komai, yana dai sa mai ba da bashi ya tsaya ya karanta da ido kafin ya yanke shawara. Wane mai gida ne zai zauna yana karanta kukan baƙo alhali mutum goma na layi da takardu masu tsabta?

Abin da ke hana ni barci ba gidan ba ne kaɗai. An tashe mu da tsoron bashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kafin ya cika sai da ya sa aka zagaya kasuwa aka tambaya ko akwai mai binsa ko kwabo. A wajen jana'iza a gida ana tashi a yi shela, duk mai bin mamaci ya zo. Da wannan tarbiyyar na zo ƙasar mutane, na ƙi katin bashi, na ƙi sayen mota da ruwa, ina biyan haya kafin wata ya mutu. Sai ga shi an rubuta ni a littafin maciya amana. Ranar da ejan ya kira, matata ta dube ni ta ce, "Baban Aisha, ko dai akwai abin da ba ka gaya mini ba?" Ba laifinta ba ne, takarda ce mai sunan kotu. Amma wannan tambayar wa zai biya ni ita?

Kwana 14 na shirun wani sun isa a yanke hukunci. Suna mai kama ya isa a ɗora mini. Ni kuwa fasfo da biza da takardar aiki da wata huɗu na kira da rubutu ba su isa a sauke mini ba. Babu wanda ya nemi hujja ranar da za a liƙa, sai ranar cirewa kowa ya zama mai taka-tsantsan.

Na shigar da ƙorafi a hukumance, mako takwas ɗin da doka ta ba su na cika ranar Talata. Ranar Laraba da safe zan miƙa fayil ɗin ga Financial Ombudsman, hukumar da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin harkar kuɗi, kyauta ne, in kuma kai kwafi ofishin ICO mai kula da bayanan jama'a. Gidan dai an ba wani tun watan jiya. Likita ta ce saura mako bakwai matata ta haihu, gadon jaririn na nan cikin kwalinsa a bayan ƙofa, babu inda za mu kafa shi.