Kafin a ce sakacinsu ne

Ban yarda da ra'ayin wani marubuci ba, wai ƙungiyar badujala da ba ta neman riba in ta yi asara ba inshora, kada a tallafa mata don sakacinta ne. Ku tuna New Orleans a Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005: gangunan makarantu sun kwana cikin ruwa, ƙahoni sun cika da laka. Inshorar da aka saba yi a can ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an yanki wata daban. Gudummawar jama'a ta taimaka wajen mayar da kayan kiɗa hannun yara. Malam mai cewa sakaci ne, kuɗin da kyar yake isar man mota da kakin yara, da wanne za a biya inshorar? Ni zan ba irin waɗannan ƙungiyoyi gudummawa, amma su nuna lissafi.