Yadda na je neman gurbin IT na dawo da naira 200

Duk wanda ya ƙara ce min "ai harkar sanayya ce, ka fita ka haɗu da manya" sai an raba mu. Kun san wanda nake nufi, mutumin ɗakinmu mai hoton kwat a LinkedIn, wanda ko taye sai an ɗaura masa.

An dai ba mu takardar SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai masana'antu, wanda muke kira IT, wata shida, kowa ya je ya nemo inda za a karɓe shi. Na zaga masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano har masu gadi suka fara gaishe ni da suna. Ko'ina "ajiye takardar, za a kira ka". Masu uwa a gindin murhu kuwa tuni sun fara cika logbuk, littafin rubuta aikin kullum. Sai mutumin naku ya ce ranar Asabar akwai ɗaurin aure a unguwarsu, kuma wani Alhaji mai kamfanin robobi zai zo. Wai in shirya maganar daƙiƙa talatin: sunana, sashena, abin da na iya, abin da nake so. Na haddace ta tsaf. Na ari babbar rigar Yaya, na ninke CV na tura aljihu.

Tun kafin a ɗaura auren wani maroƙi ya tare ni. Dogo, mai jar dara, da 'yar lasifika rataye a wuya. Ya dube ni sama da ƙasa ya saki murya: "Injiniya! Angon gobe! Ɗan manya jikan manya!" Wallahi kaina ya fasu. Na zaro naira 100 cikin kuɗin adaidaitata na ba shi. Ku riƙe wannan.

Ana shafa fatiha Alhaji ya nufi mota, jama'a suka yi masa caa. Na kutsa, na taka ƙafar wani dattijo, na isa gabansa na durƙusa. Ga daƙiƙa talatin ɗina sun zo. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne: "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, Allah ya ja zamani, Allah ya kare ka daga mahassada..." Har yau ban san daga ina mahassada suka shigo ba. Hannuna ɗaya yana kokawa da aljihun rigar, wanda ashe zurfinsa ya kai gwiwa, ɗaya hannun kuma yana tare rigar da ke zamewa daga kafaɗa. Alhaji ko kallona bai yi ba. Ya sa hannu a aljihu, ya danƙa min naira 500 sabuwa fil.

Na ce, "Alhaji, ai ni ɗalibi ne..."

Ya ce, "To madalla, a dage da karatu, yaro." Ya ƙara min 200.

A daidai nan CV ta fito, ta yamutse, da alawar ɗaurin aure manne a kan sunana. Na miƙa ta, gilashin mota ya riga ya ɗage. Ina durƙushe, kuɗi a dama, takarda a hagu, sai na ji lasifika a ƙeyata.

"Jama'a ku zo ku ga sabon shiga! Roƙo da babbar riga, har da takardar shaida! Kai yaro, waye ubangidanka a sana'ar nan?"

Mai jar dara ne. Mutumin da ɗazu-ɗazun nan ya naɗa ni injiniya, da ɗarina a aljihunsa. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, ba dariyar mutane ba. Kai da ka ci kuɗin motata, ko kara babu? Wai shi tun ana kashe kwabo yake bin Alhajin nan bai taɓa samun ƙari ba, ni daga zuwa na yi masa shigar sauri. Yaransa biyu suka kewaye ni, ɗaya har yana gyara min addu'a, wai ba a fara wa da mahassada, a ƙarshe ake sa su. Ya zare 500 ɗin daga hannuna cikin ladabi, wai kuɗin shiga ƙungiya, ya ce 200 ta ishe ni tunda koyo nake. Kuma duk wannan a lasifika. Da na ɗago kai, malamin da ke kula da SIWES a sashenmu yana tsaye jikin rumfa da leda a hannu, ya kawar da kai yana duba wayar da ko kunna ta bai yi ba.

Mutumin naku kuwa, da na ba shi labari, lissafi ya kama yi. Wai alawus ɗin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, naira 2,500 ne a wata, ni kuma na haɗa 700 cikin minti ɗaya, don haka in sake tunani a kan sana'a. Wai kuma tun da aka kafa SIWES a 1973 ba a taɓa samun ɗalibin da mai kamfani ya biya shi tun kafin ya ɗauke shi ba.

Gurbi dai a ƙarshe Kawu ne ya yi wa wani abokinsa mai gyaran janareta waya, magana ɗaya aka ce in fara ranar Litinin. Yaya kuma sai kira yake yana tambayar abin da ya manne masa a aljihun riga, ban ɗauka ba tukuna.