Titin jirgi ba ya lalacewa rana ɗaya

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen filayen jiragen samanmu, abin da ake nuna mana shi ne sabon ginin tasha: gilasai, na'urar sanyaya wuri, matakala mai tafiya da kanta. Ni kuwa hankalina yana can baya, kan kwaltar da jirgi ke tashi da sauka, domin a kanta ran fasinja yake.

Ku tuna abin da ya faru a Abuja a 2017. A ranar 8 ga Maris aka rufe filin jirgin Nnamdi Azikiwe gaba ɗaya har mako shida, aka mayar da jirage Kaduna. Babban birnin ƙasa ya zauna babu jirgin fasinja ko ɗaya. Masu tafiya suka riƙa bin mota ko jirgin ƙasa tsakanin Kaduna da Abuja da rakiyar jami'an tsaro. Kamfanonin waje irin su British Airways da Lufthansa da Air France suka ce ba za su sauka Kaduna ba, Ethiopian Airlines ne ya yarda. Kamfanin Julius Berger ya yi aikin a kan naira biliyan 5.8, aka buɗe filin ranar 18 ga Afrilu, kwana ɗaya kafin wa'adi. An yaba wa Hadi Sirika, ƙaramin ministan jiragen sama na lokacin, kuma ya cancanci yabon, domin ya faɗi rana ya kuma cika.

Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: me ya kai mu ga rufe filin tun farko? An shimfiɗa titin a 1982, an tsara shi ya yi shekara 20. Ke nan tun 2002 ya cinye wa'adinsa, aka ci gaba da dannarsa har shekara 15 ana ɗan toshe rami nan da can. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowa ya san lissafin, babu wanda ya ɗauki nauyin.

Kwalta tana ba da sanarwa kafin ta mutu. Rana tana ƙona ta har ta bushe ta yi tauri, sai siraran tsagu su bayyana. Idan aka cike tsagun nan da narkakkiyar kwalta tun suna ƙanana, kuɗin da za a kashe kaɗan ne. Idan aka bar su damina ta same su, ruwa zai shiga ya jiƙa tsakuwa da ƙasar da ke ɗauke da titin, sai jirgi mai nauyin tan ɗari biyu ko uku ya zo ya danna. Daga nan wurin ya lotsa, ruwa ya kwanta, kwalta ta fara ɓarewa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan: ana yi wa soro yaɓe ne da rani, wanda ya jira sai ɗaki ya fara yoyo, azara zai saya. Ga kuma robar taya da ke manne wa inda jirgi ke fara taɓa ƙasa. Tana taruwa har ta shafe kaushin kwaltar, idan aka yi ruwa wurin ya yi santsi, birki ya ƙi kamawa. Dole a riƙa auna santsin, a wanke robar da ruwa mai ƙarfi.

Ɓaraguzan da ke fita daga ruɓaɓɓiyar kwalta kuwa, injin jirgi yana iya zuƙe su, taya tana iya taka su ta fashe. Jirgin Concorde da ya faɗi a Faris ranar 25 ga Yulin 2000, ɗan sillen ƙarfe ne da ya faɗo daga wani jirgi a kan titi ya fasa masa taya, mutum 113 suka rasu. Abin da ke kwance a kan titin jirgi, komai ƙanƙantarsa, ba abin rainawa ba ne.

Akwai kuma hanyoyin da jirgi ke bi a hankali daga inda ya ɗauki fasinja zuwa bakin titin tashi, waɗanda kusan babu mai maganarsu. A nan jirgi yake tafiya sannu-sannu, tankinsa cike da mai, duk nauyinsa a kan tayoyi, yana juyawa yana tsayawa. Irin wannan dannar ta fi gajiyar da kwalta, musamman da zafin Afrilu irin na Sakkwato ko Maiduguri. Inda jirage ke tsayawa kuma, man da ke ɗiga yana narkar da kwalta, shi ya sa ake zuba kankare a wurin.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin yadda ake tsara wannan aiki. Ana raba titin kashi-kashi, a bi shi a rubuta kowace tsaga da lotsawa, a ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 100. Idan ana maimaita awon, za a ga wane kashi ne ke saurin lalacewa, a san shekarar da zai buƙaci sabuwar shimfiɗa, a tanadi kuɗinsa tun da wuri. Filin Gatwick na Ingila, duk da cunkosonsa, da dare ake sabunta masa kwalta: a kankare yanki guda, a zuba sabuwa, kafin gari ya waye jirgi ya sauka. Dubai ta rufe ɗaya daga titunanta biyu na kwana 45 a 2019, ta rufe ɗayan a 2022, amma an sanar da kamfanoni tun watanni kafin lokacin, kuma filin bai daina aiki ba.

Mu fa? Bayan Abuja, sai Enugu. An rufe filin Akanu Ibiam a watan Agustan 2019 saboda lalacewar titi, bai buɗe ba sai Agustan 2020. Shekara guda cur. Titi na biyu na Abuja kuwa, wanda da yana nan da ba a rufe birnin ba, an ba da kwangilarsa a 2022 bayan shekaru ana alkawari.

Wani zai ce babu kuɗi. Ban karɓi wannan uzurin ba. Kowane tikiti akwai kuɗin hidimar fasinja a cikinsa, kowane jirgi yana biyan kuɗin sauka da na tsayawa. Matsalar ita ce cike tsaga da yashe magudanar ruwa ba aiki ne da ake yanka kyalle a kansa ba, don haka shi ake fara sharewa daga kasafi.

Abin da nake nema daga hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen saman tarayya, da hukumar NCAA ta harkokin sufurin sama mai sa mata ido, a fili yake. A ware wani kaso na kuɗin shigar kowane fili don kwaltarsa kawai, kada a taɓa shi. A kammala cike tsagu da gyaran magudanai kafin ruwan fari. Sannan kowace shekara a wallafa makin kowane titi da shekarar da aka tsara sabunta shi, jama'a su gani. A fara da Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, inda manyan jirage ke kwasar iyayenmu zuwa aikin Hajji, kuma a fitar da sakamakon kafin jigilar maniyyata ta gaba.